Baba Samanja, Kada Ka Sa Hannu Tukuna

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga Agege, daga wani dattijo da ya ajiye kaki bayan shekara 35 yana bauta wa ƙasa, ya sauka da muƙamin samanja. Na taƙaita ta, amma ban taɓa ma'anarta ba.

"Assalamu alaikum. Na yi ritaya bara, na kuma yi kwas a cibiyar koyar da sana'a ga sojoji masu barin aiki da ke Oshodi. Da giratuti da ɗan abin da na tara, ina da naira miliyan 28 a hannu. Wani kamfanin sayar da soyayyen kaza da shinkafa, wanda ya ce asalin sunansa daga ƙasar waje ne, ya yi mini tayin in buɗe reshe da sunansa, abin da suke kira faranchayis. Aikin gaba ɗaya zai ci miliyan 45, kuma duk wata za su karɓi kashi 6 cikin 100 na ciniki, da ƙarin kashi 2 na talla. Ina tunanin sayar da filina na Zariya, in ciwo bashin abin da ya saura. Ɗana ya nuna mini a waya cewa a Amurka tsofaffin sojoji su ne gwanayen wannan harka, don sun saba da bin tsari. Uwargida ba ta yarda ba, wakilin kamfanin kuma ya ce in ban biya kafin ƙarshen wata ba za a ba wani. Mene ne abin yi?"

Wa alaikumus salam, Baba Samanja. Allah ya saka maka da alheri bisa wahalar da ka sha, ya kuma sa albarka a abin da ya shigo hannunka. Tunda kai mutumin bariki ne, ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ka sa hannu a wannan takarda cikin wannan wata, kada ka sayar da filin Zariya saboda ita, kuma kada ka ci bashi a kanta. Ban ce duk wanda ya shiga harkar nan ya faɗi ba, domin akwai masu cin abinci a cikinta a nan Legas. Damuwata ita ce yadda aka kawo maka tayin da yadda kake shirin haɗa kuɗin, domin su biyun sun ajiye ka a inda, in abin ya karkace, ba ka da wurin dafawa.

Abin da suke kira faranchayis, a Hausance hayar suna ne. Kai za ka kama shago, ka sayi kayan aiki, ka biya ma'aikata, ka sha zafin injin wuta, su kuma su ara maka sunansu da tsarin girkinsu da launin fentinsu na wasu shekaru, bisa sharaɗin ka yi komai yadda suka tsara. Ranar da wa'adi ya cika, ko suka ga ka saɓa wani sharaɗi, za su sauke allonsu daga ƙofar shagonka, masu saye kuma su bi allon, domin shi suka sani. Kayan aro, in ji magabata, ba ya rufe katara.

Ɗanka ya faɗi rabin gaskiya. Mutumin da ya yi shekara 35 yana tashi kafin asuba, yana duba tsaftar ɗakunan kurata, yana ƙirga kayan sito ba tare da ko cokali ya ɓace ba, yana da horon da irin wannan sana'a take nema, kuma kamfanoni na son irinka don ba ka gardama da littafin aiki. Rabin da ya ɓace masa shi ne wannan: a gidan soja, wanda ya ba ka oda shi ne ke ba ka abinci da kaki da wurin kwana, shi ke biyanka a ƙarshen wata ko an yi nasara a fagen daga ko ba a yi ba, kuma in ka ji rauni asibitinsa za a kai ka. A hayar suna odar tana nan yadda ka santa, har ma da masu zuwa duba aiki ba sanarwa, amma albashin da asibitin babu. Mai ba da odar yana yankar rabonsa ne daga ciniki, ba daga riba ba, kuma duk wanda bai gane tazarar da ke tsakanin waɗannan kalmomi biyu ba, giratutinsa ne zai koya masa.

Bari in kwatanta maka da lissafi. Kason kamfanin daga wasiƙarka na ɗauko shi, sauran kuwa misali ne na ƙaddara, kai za ka maye su da na gaskiya. A ce shagon ya yi cinikin miliyan 10 a wata. Kamfani ya ɗauki kashi 8, wato naira 800,000. Kaji da shinkafa da mai da sauran kayan haɗi sun ci miliyan 4.5, albashin ma'aikata 12 ya ci miliyan 1.2, gas ɗin injin da kuɗin wuta miliyan 1.5, haya miliyan 1, gyare-gyare da robobin zuba abinci da kuɗaɗen hukuma 600,000. Abin da ya rage maka 400,000 ne, rabin abin da kamfanin ya samu, alhali kai ka zuba miliyan 45. To a ce damina ta sauka, ko an toshe titin gabanka, ciniki ya dawo miliyan 8. Kayan haɗi za su ragu zuwa miliyan 3.6, amma haya da albashi da wuta ba su san an yi ruwa ba. A wannan wata za ka ciro 540,000 daga aljihunka ka cike giɓi, kamfanin kuwa zai karɓi 640,000 cif-cif, ya kuma aiko maka da takardar godiya. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ko kuɗin biyan bashi ban sa a lissafin ba.

Na taɓa ganin wannan da idona. Wani tsohon hafsa da muka saba, wanda ba zan kama sunansa ko na kamfanin ba, ya buɗe irin wannan reshe a nan Legas, na kai masa ziyara wajen ƙarfe goma na dare ana shirin rufewa. Na same shi tsaye a bayan kanta da tabarau a kan hanci, yana ƙirga cinyoyin kaza da suka yi kwantai a cikin gilashi, domin littafin aiki ya hana a kwana da su a sayar gobe. Injin wuta na ruri a baya tun safe. Ya nuna mini wata takardar gargaɗi da mai duba aiki ya bar masa a ranar, laifinsa kuwa shi ne ya aika aka sayo attaruhu da albasa a Mile 12 wajen wani ƙaninsa, a farashin da ya fi na sito ɗin kamfani sauƙi nesa ba kusa ba. Yarjejeniyarsa ta ce daga wurinsu kaɗai zai sayi kaya. Ya ce mini, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, ko yana kurtu ba a taɓa tsare shi haka ba. Wannan sharaɗin sayen kaya shi ne ƙofa ta biyu da kamfani ke cin riba a kanka, kuma da wuya wakili ya ambace shi ranar da yake nuna maka hotuna masu ƙyalli.

Batun Amurka kuwa, a bar wa Amurka abinta. Gaskiya ne akwai wani shiri a can mai suna VetFran, wanda aka fara a 1991 bayan yaƙin Tekun Fasha, inda kamfanonin da suka shiga suke rage wa tsofaffin sojoji kuɗin shiga. Amma abin da ya fi ragin muhimmanci shi ne dokar da hukumar kasuwanci ta tarayyarsu ta kafa tun 1979, wadda a yanzu ta wajabta wa kamfani ya miƙa wa mai sha'awa wani kundi mai babi 23, aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya ko sisi. A cikin kundin akwai shari'o'in da aka yi da kamfanin, da ko ya taɓa karyewa, da bayanan kuɗinsa da akanta mai zaman kansa ya bincika, da yawan rassan da aka buɗe da waɗanda aka rufe, har da sunayen mutanen da suka bar harkar kwanan nan domin ka neme su ka tambaya. Duk da wannan kariya, a can ma mutane na yin asara. A Najeriya babu dokar da ta tilasta wa kamfani ya ba ka irin wannan kundi, saboda haka abin da ke rubuce a yarjejeniyar da ka sa wa hannu shi ne kusan iyakar garkuwarka.

Tunda doka ba za ta ɗauko maka kundin ba, kai za ka haɗa abinka, kuma wannan aiki ne da ka fi ni iyawa, don ba a tura rundunar soja inda ba a leƙa ba. Ka nemi kamfanin ya ba ka, a rubuce, jerin duk rassan da ya bayar haya cikin shekaru biyar da suka wuce, da waɗanda ke aiki da waɗanda suka rufe. Kada ka tsaya ga mutum biyun da wakili zai zaɓa ya haɗa ka da su, domin ba zai kai ka wajen mai kuka ba. Ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Ka zauna a reshe ɗaya ranar Talata da rana, ka sake komawa ranar Asabar da dare, ka riƙe biro kana ƙirga masu shiga da abin da suke saye. Ka nemi mai shagon, ba manajansa ba, ka tambaye shi wata nawa ya yi kafin shagon ya fara ɗaukar nauyin kansa, nawa ya kashe a zahiri idan aka kwatanta da abin da aka gaya masa da farko, kuma da za a mai da hannun agogo baya, zai sake shiga? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya rufe nasa ya fi kowa amfani a gare ka, ko da sai ka biya kuɗin mota zuwa Ikorodu ka same shi. Idan kamfanin ya ƙi ba da jerin, ka samu amsarka ba tare da ka kashe kobo ba.

Da'awar cewa sunan daga waje yake ita ma tana da hanyar tantancewa. Yarjejeniyar hayar suna tsakanin kamfanin waje da na gida ana yi mata rajista a NOTAP, hukumar gwamnati da ke kula da yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, kuma da takardar shaidarta ake bi ta banki a aika wa masu sunan kuɗinsu. Ka ce a nuna maka wannan takarda, a kuma nuna maka shekarun da suka rage a yarjejeniyar su da masu sunan, domin idan tasu ta ƙare bayan shekara uku alhali taka ta shekara goma ce, ka yi haya ne a hannun ɗan haya. Ka sa a duba rajistar kamfanin a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a kuma duba ko sunan da tambarin suna da rajista a ofishin alamun kasuwanci na Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci ta Tarayya. Sannan ka tambaya ko akwai wani abu da aka ƙulla farashinsa da dala. Ka tuna a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500, kuma injinan suya da firiza da kayan gyaransu yawanci daga waje ake shigo da su.

Suna ma ba ya dawwama. Duk wanda ya daɗe a Legas ya san lokacin da Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya fara a Marina a 1986, ya kasance wurin da ake kai yara ranar Sallah, har rassansa suka haura 150 a faɗin ƙasa, da yawansu a hannun masu hayar suna. Daga baya sababbi suka shigo, sha'awar jama'a ta juya, rassa da yawa suka rufe. Darasin da ya shafe ka shi ne tashi da faɗuwar suna ana yanke su ne a wani ofishi da ba ka da kujera a ciki, ko da shagonka ya fi na kowa tsafta. Haka wurin shago yake. Kai mazaunin Agege ne, ka ga shekarun da aka kwashe ana aikin gadar Pen Cinema kafin a buɗe ta a Maris 2021, ka ga yadda aka riƙa karkatar da motoci da yadda masu shagunan gefen hanya suka ji a jikinsu. Ka ɗora a kan wannan cire tallafin fetur na 29 ga Mayu 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi yawa, a Afrilu 2024, wanda ya kai naira 225 kowane ma'auni. Mai shagon kansa yana iya rage girman faranti ko ya sauya kayan sayarwa cikin kwana ɗaya, mai hayar suna kuwa sai ya jira izini kafin ya ƙara ko naira hamsin a farashi.

Kafin komai ya yi nisa, ka ɗauki lauya naka na kanka wanda ya san harkar kasuwanci, ba lauyan kamfani ba, ba kuma wanda wakili ya nuna maka ba. Kuɗinsa ƙalilan ne a kan miliyan 45. Ka sa ya karanta maka takardar layi-layi, ya fassara maka da Hausa, musamman wuraren da ido ke tsallakewa: ko an keɓe maka yanki da kamfani ba zai buɗe wani reshe a cikinsa ba, da nisansa, wane laifi ne zai sa a karɓe sunan, kuma kwana nawa za a ba ka ka gyara, ko za a tilasta maka sake fasalin shago da kuɗinka bayan 'yan shekaru, ko an hana ka sayar da abinci a wurin bayan kun rabu, da kuma inda za a je idan rigima ta taso, domin akwai bambanci tsakanin zauren sulhu na kotun Legas da wani zama da za a ce sai a Landan. Ka kuma daidaita wa'adin hayar shago da na hayar suna, kada mai gini ya tashe ka kana da sauran shekaru shida na biyan kamfani. Akwai tambaya ɗaya da na roƙe ka kada kunya ta hana ka yi: idan ta Allah ta kasance, shagon zai shiga gado, ko kamfani ne zai zaɓi wanda zai ci gaba? Mai iyali bai kamata ya zuba dukiyarsa inda magada za su tarar da ƙofa a kulle ba.

Game da bashi, Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamba 2024, bankunan kasuwanci kuma a kan ma'aunin Babban Bankin suke ɗora nasu, ka koma ka dubi 400,000 ɗin nan ka gaya mini ta ina za ta biya. Ga kuma matsalar riba a addinance. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, sun kawar da wannan damuwa, amma kayan da suka saya maka dole ka biya kuɗinsu ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe kamfaninsa shi kaɗai, kuma da sunan kamfanin ya kamata ka ƙulla kowace yarjejeniya, domin bashin shago ya tsaya a shago. Sai dai wannan katanga tana rushewa da zarar ka sa hannu cewa kai da kanka ka tsaya wa kamfaninka, abin da bankuna da kamfanonin da ke ba da hayar suna suke yawan nema. Fanshon da Hukumar Fansho ta Soja ke turo maka duk wata shi ne abincin gidanka har ƙarshen rai, kada ka yarda a ɗaura kowane bashi a kan asusun da yake shiga.

Wani abu kuma, wanda ba kuɗi ba, sai ka yi haƙuri da ni. Yaran da za ka ɗauka aiki ba kurata ba ne. Mai suya zai ƙi zuwa ranar Litinin ya kashe waya, mai karɓar kuɗi za ta bar aiki ba sallama don an ƙara mata dubu biyar a shagon gaba, kuma babu gadurum da za ka tura su. Mai saye zai ɗaga maka murya a kan cinya ɗaya, yaron da bai kai ɗanka ba, kuma dole ka ba shi haƙuri. Wasu tsofaffin sojoji suna sabawa da wannan cikin wata guda, wasu kuwa hawan jini yake kawo musu. Hanyar sanin wanne ne kai ita ce ka roƙi kamfanin ya bar ka ka yi wata biyu ko uku kana aiki a wani reshe, daga buɗewa zuwa rufewa, kafin ka biya komai. Kamfanin kirki zai yi murna da wannan buƙata.

Wa'adin ƙarshen wata da wakili ya ɗiba maka, dabara ce da duk dillalin mota a Berger ya sani. Wakilin yana da lada idan ka biya, ba shi da asara idan ka faɗi. Ka ce masa kana buƙatar wata uku na bincike. Idan wurin ya tafi, Legas ba ta ƙare da shaguna ba.

To idan bincike ya fito da kyau fa? A nan ma sharaɗina ɗaya ne: abin da za ka zuba ya zama wanda, in ya salwanta gaba ɗaya, tukunyar gidanka ba za ta sauka ba, kuɗin makarantar yara ba zai tsaya ba, kuma ka ware kuɗin tafiyar da shagon na aƙalla wata shida a gefe, domin sabon shago kan ci kafin ya bayar. Da miliyan 28 a hannu, wannan ma'auni ya nuna reshen miliyan 45 ya fi ƙarfinka a yanzu. Abin da ya dace da aljihunka shi ne ƙaramin mataki, ko dillancin kayan masarufi na wani kamfani, wanda ba shi da kason wata-wata kuma kayan in ba su tafi yau ba za su tafi gobe, ko sana'ar da ka koya a Oshodi, ka fara ta da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ka yi shekara guda kana koyon halin kasuwa da halin ma'aikata da kuɗin da ba zai karya ka ba. Ga 'yan'uwa a Mile 12 da mayankar Oko-Oba da ke maƙwabtaka da kai, waɗanda suka yi shekaru suna juya kuɗi, zama da su sati biyu zai buɗe maka ido fiye da hotunan waya.

Uwargida kuma, ka zaunar da ita ka nuna mata lissafin nan da na yi, ka saurari dalilinta har ƙarshe ba tare da ka katse ta ba. Ita ta bi ka bariki-bariki tana riƙe gida lokacin da kake daji, giratutin nan da guminta a ciki, kuma filin Zariya shi ne inda take sa ran za ku koma ranar da Legas ta ishe ku. Ɗan naka ka ba shi aikin da ya iya: ya binciko rajistar kamfanin a shafin CAC, ya kuma raka ka zagayen rassan yana rubuta lissafi. Idan kun samo jerin rassan da kwafin yarjejeniyar, ka sake rubuto mini, mu duba sharaɗin sayen kaya da na gado tare.